Muryar Kawu a Sararin Aliero

Shekarar da ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta, azumi ya zo cikin zafi, daidai lokacin da warin albasa ke bin mutumin Aliero har cikin aljihun rigarsa. Ba ta yi ƙorafin ƙafafun ba. Abin da ya dame ta shi ne tafsirin yayanta, Kawu, wanda yake yi bayan la'asar a masallacin unguwar da aka haife su. Tun tana amarya ba ta taɓa fashi ba. Takan shimfiɗa tabarmarta bayan katanga tare da sauran mata. Gidanmu kuwa yana ƙarshen gari, inda lasifikar masallacin ke isowa a kakkarye. Iska ta ba ka rabin aya, ta wuce da rabi wajen rumbunan albasa.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Jega. Na sha zana wa ɗalibai yadda murya ke tafiya ba waya, da irin tabbacin mutumin da bai taɓa gwadawa ba. Ranar kasuwa na kai maganar wurin wani abokina mai gyaran rediyo, wanda muka ci bulalar firamare tare. Ya tona cikin wani gwangwani, ya ciro 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba.

"A haɗa ta da makirfon Malam," in ji shi, "Inna kuma ta kunna rediyonta."

"Wanga ɗan abu?"

"In ba ka yarda ba, malamin boko, sai ka riƙa zana mata tafsirin bisa allo."

Muka haɗa. Na zauna a zauren gidanmu da rediyo a cinya, sai ga gyaran muryar Kawu, wannan da yake yi kafin ya buɗe littafi, kamar yana gefena. Na san bayanin abin, na ma taɓa kayar da yara a jarrabawa a kansa, amma sai da na waiwaya in ga ko ya shigo. Sai dai da na taka zuwa tsakar gida muryar ta nutse cikin shuuu. Iyakar ƙarfin na'urar zaure.

Muka ce a ɗauko Inna a kawo ta nan. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun da anka shigo da ni ta zauren nan ban taɓa zama cikinai ba. Ba yau zan fara zama wurin maza ba."

Abokina ya koma Jega ya dawo da busta, wato akwatin da ke ƙara wa irin wannan na'ura ƙarfi. Aka ɗaura eriya a kan doguwar gora, aka kafa ta a saman masallaci. Saura inda za mu ajiye muryar a jikin rediyo, kuma nan muka yi abin da muka ɗauka ladabi ne. Tsofaffin matan garinmu ba sa murɗa rediyo. Jika ya saita musu tashar labarai sau ɗaya, daga nan kunnawa ce da kashewa, wanda ya taɓa allurar kuwa ya sha faɗa. Don kada mu wahalar da iyayenmu, sai muka ɗora muryar Kawu dab da wannan tashar, har ta danne ta.

Ranar farko ina ɗakin Inna. Mai jan baki ya karanto aya, Kawu ya karɓa ya fara fassara. Inna ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama iyakar yadda ƙafafun suka bari, ta sadda kai ƙasa kamar yadda take yi bayan katanga. Duk inda ya ambaci Annabi sai ta yi salati. Da ya yi tari ta ce wa rediyon, "Sannu, Yaya."

Ba a daɗe ba saƙon godiya ya fara zuwa daga matan garin Danwarai. Wani direba ya rantse ya kamo mu a wani tudu kusa da Maiyama, har ya tsayar da mota fasinjoji suka saurara. Nakan tsaya in dubi gorar nan, busasshiya, tsuntsu ma yakan sauka a kanta, in yi ta mamakin yadda tarin dattijo ɗaya ke fita daga cikinta ya tsallake fadama da gonaki ya shiga ɗakunan da bai san da su ba. A wurinmu karatu sadaka ne, kuma ba a tambayar mai sadaka iyakar inda za ta tsaya. Da aka ce wani ƙauye ba ya ji sosai, sai aka ƙara wa gorar wata gora. Ladan ma ya gano baiwarsa: bayan addu'a sai sanarwar suna, da ta jana'iza, da ta ragon da ya ɓata mai baƙi a wuya.

Wajen tsakiyar wata wani baƙo ya zo daga birnin jiha, ma'aikacin hukumar da ke kula da gidajen rediyo. Ya zauna cikin sahu ya saurari tafsiri har aka shafa, sannan ya matso ya gaida Kawu a durƙushe. Ya buɗe wata na'ura mai fuska kamar ta waya. A kanta akwai layi mai tudu da kwari, yana ta rawa.

"Allah shi gafarta Malam, kowane tudu a nan muryar wani ce. Wannan ta gidan rediyon da kuka sani, da lasisinsu. Wannan kuma da ta hau kansu, taku ce. Mutane can suna jiran labarai, sai su ji ana cigiyar rago."

Ya ce haka aka raba sararin nan kaf, har can inda na'urarsa ba ta nunawa: na jiragen sama daban, na wayoyin da ke aljihunmu daban. Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Babu komai sai shirwa guda tana shawagi.

Kawu ya daɗe yana kallon layin. "Ashe sama ma da iyakoki, kamar fadama," in ji shi a hankali. "Kuma mu munka shiga gonar mutane."

Ladan ya ce ai maganar Allah ce muke yaɗawa.

"Ko don sadaka ka shuka a gonar wani, sai da izninai," in ji Kawu. "A sauke."

Baƙon ya ce 'yar ƙaramar, in an bar ta yadda aka ƙero ta, aka kuma matsar da muryar inda ba tashar kowa a jikin rediyo, ba za ta yi nisa ba, ba mai zuwa dominta. Busta da gora su ne suka mai da mu gidan rediyo. Kafin a sha ruwa an kwance su.

Washegari bayan la'asar Inna ta kunna rediyo, ta ji wani yana karanta labaran duniya. Ta kira ni.

"Kai wanga, mi ya samu Malam?"

Na yi mata bayani. Ta ce, "To, in haƙƙin wasu ne a bar musu abinsu." Ta kashe rediyon ta juya fuska ga bango. Da magariba ko kunun ba ta shanye ba.

Na gaya wa Kawu. Shi mutum ne mai kunyar gidan suruki. Ko bayan rasuwar mahaifina, iyakarsa ya yi sallama a zaure ya aika gaisuwa ciki ya wuce; ba a taɓa ganin ya zauna a unguwarmu ba. Amma da la'asar ta gaba sai ga shi tafe da littafinsa a hammata, mai jan baki a bayansa, sai jama'a kowa da buzunsa ko tabarmarsa. Suka cika ɗan masallacin da ke bakin lungunmu har waje. Abokina ya rataya 'yar na'urar a ƙusa, ni kuma na shiga na murɗa allurar rediyon Inna da hannuna, karo na farko ba ta yi faɗa ba.

Daga ɗakin Inna ana jin lasifikar masallacin ta kan katanga sarai. Na ce ko in kashe rediyon, tunda ba a bukatarsa. Ta ɗaga mini hannu, ta karkata kunne, ɗaya ga akwatin rediyo, ɗaya ga taga. Ni ma na saurara. Kowace kalma sai ta fara fitowa daga rediyo, sannan bayan ƙiftawar ido ta iso ta taga.

"Bar su duka," in ji Inna. "Wanga na cikin akwati yana riga Yaya faɗa. Ina son in ji ko za su saɓa."

Har aka shafa addu'a tana saurare, ba su saɓa ba.