Yatsan Kawu a Cikin Ƙasa

Jiya aka yi ruwan fari a Potiskum, ƙamshin ƙasa ya tuno min da marigayi kawuna, malamin injiniya a jami'a. Shi ya ƙera wata 'yar na'ura mai auna danshin gona, yana sayar wa manoma.

Ranar da na raka shi Mamudo, na'urar ta nuna a yi shuka. Wani dattijo ya ce, "Malam, irin da ya rage min ke nan. In ya tsiro ya bushe fa?"

Kawu ya durƙusa da farar shaddarsa, ya tura yatsa cikin ƙasa, ya shinshina. Ya ce, "Baba, dakata tukuna. Na'urata yarinya ce, ƙasar nan ta girme ta."

Ranar ko ɗaya bai sayar ba, amma da fara'arsa muka dawo.

Kawu, Allah Ya ni'imta ƙasar da kake kwance a cikinta.