Iskar Gindin Jirgin Kanta

Duk wanda ya san bakin tafkin Madarumfa a ƙarshen zamanin Nasara ya san Kanta ɗan Yaro, mutumin nan mai kafaɗa a karkace wanda ba ya taka ruwa ko iyakar idon sawu. Baƙo zai ɗauka tsoro ne. Alhali kuwa a ƙasar nan ba a yi wanda ya san ruwa kamarsa ba, kuma sanin ne ya cuce shi.

Gidansu gidan Anna ne masu bautar iskoki, masunta masu kwanciya kan gora su bi kifi. Wansa Ɗogo ne ya gaji ubansu a sha'anin tafki, shi ke yi wa iskokin ruwa yanka kafin a buɗe su, wato kamun kifin shekara, shi ake kira in wani ya nutse. Kanta kuwa, shekarar da aka ɗebi samari soja, abin ya faɗa kansa. Bai ga yaƙi ba. Aka ajiye shi Yamai, a kan Kwara, cikin wani ƙaton jirgi mai inji ɗaya. Ya fara da kwashe ruwa da gwangwani, kafin shekara takwas da ya yi can su ƙare, sandar tuƙi na hannunsa.

A can ya koyi halin jirgi kamar yadda ake koyon halin maƙwabci. Jirgi ba shi da birki. In kana so ya tsaya, sai ka ba shi baya tun da sauran tazara. Ba ya juyawa da goshi, gindinsa ne ke zamewa gefe. In kuma ya ci baya, gindin nan hagu yake ja kullum, ko za ka mutu. Gwani ba ya faɗa da wannan hali, sai ya nufo gaɓa ta hagu, ya bar jirgin ya jingina kansa. Kanta ya iya wannan har ba ya tunani, hannunsa ne ke yi.

Da ya komo gida, sai ya tarar ya kawo hajar da ba ta da kasuwa. In ya fara labarin jirgin da ke ɗaukar mutum sittin ba filafili ba gwangwala, sai a ƙyafta wa juna ido. Suka sa masa suna Matuƙin Tudu. Shekara shida yana haɗiye wannan suna, yana noman geron da bai iya ba, abin na ci masa rai ƙwarai. Ɗogo ne kaɗai ba ya dariya, yakan ce ƙanena ba ya ƙarya.

Bayan wata damina mai ruwa, tafki ya cika ya haɗiye hanyoyi. Wani Nasara mai sayen gyaɗa ya kawo jirgi mai inji a bayan kamyo, babbar motar kaya, yana cigiyar wanda zai tuƙa. Ranar da Kanta ya fita da shi, ya zagayo, ya kwantar da shi a gaɓa kamar ana ajiye ƙwai, masu dariyar jiya suka rasa inda za su sa fuska. Murnar da ya yi ran nan ba ta faɗuwa.

Sai dai akwai al'ada. A nan, in kwalekwale ya iso, na gaɓa kan shiga ruwa su kama gindinsa su juya shi. Ladabi ne, wanda bai yi ba a ce ba shi da tarbiyya. A gindin jirgin nan kuwa farfela take, ƙarfe mai kunne uku da ke juyawa a ƙarƙashin ruwa. Kanta ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Suka ce su da suke kokawa da kada, wane ƙarfe ne zai ba su tsoro? Da ya ga za a yi ɓarna, sai ya yi dabara. Ya ce musu wata iska ce ta Kwara ke zaune a ƙarƙashin gindin jirgin, kuma ba ta son a matso ta. Nan take kowa ya ja da baya. Kanta ya yaba wa kansa, bai ko tuna da wansa ba.

Shi kuwa Ɗogo maganar ta tsaya masa a rai. Baƙuwar iska ta shigo tafkin ubansa, ba a yi mata sannu da zuwa ba, ai na gida za su yi fushi. Tarbarta aikinsa ne, kuma babba ba ya neman izinin ƙanensa. Ranar kasuwa da hantsi ya ɗauki ƙwaryar nono, ya shiga cikin ciyawar ruwa har ƙirji, ta hagun mashigi, ya jira.

Jirgi ya taho maƙare da buhuna da fasinja, iska na tura shi ta baya. A bakin mashigi mata ne cike suna wanki da goyo. Kanta ya ba shi baya, gindi ya fara jan hagu yadda ya saba, sai ya hango wansa da ƙwarya a ɗage. In ya kashe inji, jirgi zai haye matan nan. In ya bar shi, ya san inda gindin zai je. Ya ƙwala kira, ƙarar inji ta haɗiye kiran. Hannunsa bai saki ba, jirgi ya tsaya taku uku kafin mata, daidai yadda ake so.

Aka fito da Ɗogo, cinyarsa ta zama abin da ba a kallo. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Ta ƙi nono, Kanta. Mi taka so?"

"Yaya, ba kowa can. Ƙarhe ne. Ni na ƙaga maganar."

"Kul, kada ta ji ka," in ji Ɗogo. Bai kai azahar ba.

Kanta bai sake taɓa sandar tuƙi ba. Nasara ya nemi wani bai samu ba, ruwa ya janye, jirgi ya kwanta a tudu yana tsatsa. Kanta ya bi gida gida yana cewa shi ya kashe wansa da bakinsa, babu wata iska. Ba wanda ya yarda. Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, suka riƙa tausaya masa, tausayin kuwa ya fi masa zagi ciwo. Da can ya faɗi gaskiya sun ce ƙarya ce, ƙarya ɗaya da ya yi a duniya ita suka rungume.

Kowace shekara in za a buɗe kamun kifi, Turai matar Ɗogo kan zo da ƙwaryar nono ta zuba a gindin ruɓaɓɓen jirgin, don kada iskar ta ɗauki ƴaƴanta. Da yake Kanta ne babban namijin da ya rage a gidan, shi take miƙa wa ƙwaryar ya fara zubawa. Shekarun farko yana ƙi. Daga baya ya riƙa karɓa.