Takarda Shida, Katako Ɗaya

Shekarar da yayyena suka yanke shawarar rushe gidanmu na ƙasa a Tsibiri don a tayar da na siminti, ni kaɗai na ƙi, kuma ba wanda ya saurare ni. Ni ne auta, ga shi aikina koyar da zane a lakwal, wato makarantar boko, abin da ba su taɓa ɗauka sana'a ba. Da na ga bakin alƙalami ya bushe, sai na ce to, zan buga hoton gidan a takarda, kowa ya samu nasa. Mu shida ne.

Na samo guntun katakon maɗaci wajen wani kafinta a Sabon Gari, busasshe, don ɗanye lanƙwashewa yake yi. Kwana biyu ina gogarsa har ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. Wuƙaƙen sassaƙa kuwa ƙarafan tsohuwar laima ne, masu kwari a tsakiya. Maƙeri ya wasa mini bakinsu, na sa musu ƙota. Tawada a wata maɗaba'a na roƙo, cikin gwangwanayen tumatir uku.

Da katako ɗaya na yi aikin duka. Za ka fafe inda kake so ya zauna fari, ka shafa launin farko, ka ɗora takarda ka jingina gefenta da ƙusa biyu, ka murza bayanta da cokali. Sai ka ƙara fafe katakon nan, ka buga launi na biyu a kan na farko. Abin da wuƙa ta ci ya tafi ke nan. Shi ya sa masu hankali ke buga takardu fiye da bukata tun farko. Ni da nake faɗa wa ɗalibai haka kullum, sai na buga shida cif, don na yarda da hannuna.

Ruwan ƙasa na bango ya hau lafiya. Koren itacen bedin ƙofar gida ma haka. Kafin in kai ga baƙi, wanda zai fitar da zaure da indararo, labari ya iso ni Maradi cewa an riga an sa wa gidan diga. Da na zo buga baƙin, a takarda ta ƙarshe, ina tsakiyar murzawa, sai ta goce daga ƙusa. Da na ɗaga, kowane layi ya zama biyu, zauren kamar ana girgiza shi. Na zauna ina kallon katakon, babu bango a jikinsa, babu bedi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Ranar Juma'a muka taru gidan babbar yayarmu, wadda ta fara kawo zancen siminti. Na sa lalatacciyar a ƙasan sauran, da nufin in riƙe ta a matsayin tawa. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta zaro ta.

"Wagga nika so."

"Yaya, ta lalace. Hannuna ya goce."

"Na gani, Auta, ban makance ba." Ta nisanta takardar da fuskarta, ta daɗe tana dubawa. "Ran da munka kwashe kayan Inna, na kai bakin hanya na waiga na dubi gidan. Haka na gane shi, yana rawa."

Ta naɗe takardar a hankali ta sa cikin mayafinta, ta tashi wai za ta duba tukunya. Ni da na yi wata biyu ina jin haushinta, kunya ta hana ni ɗaga kai.