Mijin Inna Daga Malabo

Yayana ya daɗe yana kasuwanci a Malabo, babban birni a wata ƙasar Afirka da ake Sifaniyanci, can ya yi aure. Da ya aiko cewa zai kawo ɗansa Daura hutu, sai ya ƙara da cewa yaron ba ya jin Hausa, Sifaniyanci kawai. Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye tsintsiya.

"To da wane bakin zan yi wasa da mijina?"

A wurinmu jika namiji mijin kakarsa ne. Ta zolaye shi, ya rama, haka ake shaƙuwa. Duk jikokinta sun sha tsiyarta, tsoronta kada wannan ya zo ya koma a baƙo.

Ni aka ɗora wa aikin, tunda ni ce mai babbar waya. Na sauke manhajar koyon harshe, na buɗe ƙamus a intanet. Kullum bayan la'asar muna kan tabarma. Kai, manhajar nan ta ishe ni! Abin da take koyarwa kawai: tuffa, jirgin ƙasa, ina hanyar otal. Inna ta ja tsaki.

"Ke, otal zan kai shi? Duba mini marowaci."

Sai na nemo Turancinsa, sannan Sifaniyancinsa. Tacaño. In danna, muryar ƙamus ta faɗa, Inna ta maimaita, har tana tankaɗe tana bita. Muka ƙara raggo, muka ƙara mai ƙaton kai. Na ce ta koyi sannu da zuwa mana, ta ce wannan ko maƙwabta za su faɗa masa.

Ranar da suka iso, yaron ya durƙusa yadda ubansa ya koya masa. Inna ta ƙare masa kallo, ta zazzage masa kalmominta kaf, ba gargada. Wayyo! Idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ɓuya bayan ubansa. Ashe a gidansu ba a san wannan wasan ba, ni kuma ban tambaya ba. Ranar Inna ko tuwo ba ta ci ba.

Yayana ya ja yaron zaure ya yi masa bayani. Da safe yaron ya ari wayata, ya yi ta dube-dube, daga harshensu zuwa namu. Ya je ya tsaya kan Inna tana raba koko, ya leƙa kofinsa, ya murtuke fuska.

"Matata... rowa. Koko kaɗan."

Inna ta saki ludayi, ta rangaɗa guɗa.

"Kun ji ɗan nema? Wallahi nawa ne!"

Ta cika masa kofin har ya zuba.