Rigar Kasuwa da Ragon Suna

Tun ina saurayi nake da ƙa'idojin tafiya, kuma ba a lakwal, wato makarantar boko, na koye su ba, don ban daɗe a can ba. A hanya na tsince su, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, kada ka yi sayayya a bakin tasha, domin masu sayarwa sun san matafiyi ba shi da lokacin ciniki. Ta biyu, ka ƙulla guzurinka daga gida, ko da ƙuli-ƙuli ne da garin rogo. Ta uku, ka hau saman kaya, kuɗin can bai kai na cikin mota ba. Ta huɗu ita ce na fi taƙama da ita: kada ka shiga kasuwar wani gari da rigar kirki. Dillali rigarka yake fara yi wa kuɗi kafin ya dubi dabbar.

Saboda haka na ware riga guda ta zuwa kasuwa. Tsohuwar taguwa ce ta saƙi, ta koɗe, kafaɗarta a yage, na kuma hana a ɗinke ta. Da ita nake sa takalmin taya da wata hula da ta ga duniya. Shaddata mai aiki tana ƙasan akwati a ninke, sai Juma'a da salla.

A lokacin ina aiki a gidan siminti na Malbaza, ina karɓar albashi kowane ƙarshen wata, abin da ba kowa ke da shi a yankinmu ba. Da wannan mutuncin aka ba ni mata. Mahaifinta manomi ne a wani ƙauye kusa da Dogarawa, dattijo mai ƙarancin magana. Tsakanina da shi akwai kunyar surukuta yadda ake yin ta a da. Ba na ci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in na gamu da shi sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Duk wata magana sai ta bi ta bakin wani.

Bayan kaka matata ta haihu a gidansu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Aka aiko mini. Ragon suna a wuyan uba yake, ni kuwa na daɗe da tanadin kuɗinsa. Na yi lissafi na ga Konni ba wurin sayen rago ba ne, don masu saye daga ƙetaren iyaka suna ɗaga masa kuɗi. Na tsai da shawara a kan kasuwar Illela ta cikin ƙasarmu, ba ta ƙetaren iyaka ba. Na sa rigar kasuwa, na ɗaure lalitata a ƙugu daga ciki, na nufi tasha da safe.

Kamashon motar ya faɗi kuɗin saman kaya. Na ce ya rage. Ya ƙi. Sai na yi abin da na saba, na buɗe hannuwa, na ɗaga murya don mutane su ji.

"Dube ni da kyau. Ka ga alamar mai kuɗi a jikina? Abin da za a ci a gida ma ban bari ba."

"Kai kullum ba ka bari ba," in ji shi. "To hau, mun rage maka, kada ka yi muna kuka cikin tasha."

Mutane suka yi dariya. Na juya ina jin daɗin nasara, sai ga surukina tsaye a bayana da sandarsa. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Na zube ƙasa na gaishe shi. Ya amsa yana duban wani gefe, kamar yadda ya kamata. Amma na ga idonsa ya sauka a kan yagaggiyar kafaɗata kafin ya ɗauke shi.

Aka ba shi wuri a kan benci daga bayan mota, ni kuma na hau saman buhuna, daidai bisa kansa. Na naɗe ƙafafuna don kada su yi lilo a fuskarsa, haka na zauna har suka yi tsami. Ina ji wani fasinja ya tambaye shi abin da zai kai shi Illela. Ya ce jakinsa ya mutu da damina, ya sayar da wake, zai nemo wani na ɗaukar ruwa da taki. Guzurina yana cikin aljihu, ban iya taɓa shi ba. Shi ma bai ci komi ba saboda ni.

A Illela na sauka ta ɗaya gefen, na ɓace cikin mutane. Na ce a raina in ya sayi jakinsa ya tafi, sai in yi cinikina. Amma wurin jakuna da na tumaki a haɗe suke, kuma da na leƙa sai na hango shi zaune ƙarƙashin itace tare da dillalai. Ba zan iya tsayawa a gabansa ina taɓa bayan rago, ina kushe shi, ina jan kuɗi ba. Ragon ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba zan kama a gaban mutane ba, balle a gaban kakansa.

Na zaga kasuwa. Na sayi goro a hannun mai kwando, ba a hannun mai faranti ba, na sayi gishiri da kanwa na maijego, duk da rahusa. Na koma, yana nan. Na yi azahar a masallacin can ƙarshen kasuwa, na sake komawa, yana nan. Ina hangen raguna masu kyau ana jan su ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan la'asar na tarar da wurinsa babu kowa. Raguna ma haka.

Abin da ya rage wani ɗan tsamurarre ne mai ƙaho ɗaya a karye. Dillalin ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wannan naka ne, tun safe kai yake jira. Kun ma yi kama."

Na saye shi da arha ƙwarai. Ban taɓa yin cinikin da ya kai wannan sauƙi ba, ban kuma taɓa jin ɗacin ciniki kamarsa ba.

Ana gobe suna na tafi ƙauyen da ragon, shaddata a ninke cikin jaka. A ƙofar gida na ga wani farin rago ɗaure a turke, babba, mai wuya kamar na maraƙi. Na gane shi. Yana cikin waɗanda na hango a Illela ran kasuwa. Turken jaki kuwa babu komi a kansa.

Gwaggon matata ce ta fito, ƙanwar surukina, wadda ita ke kai maganarsa ta kawo. Ta dubi ragona ta riƙe haɓa.

"Wannan kuma fa? Ɗan rakiya ne?"

Ta ja ni gefe, ta sauke murya.

"Yaya ya ce in gaya maka, kada ka sa komi ga ranka. Aikin Bature haka yake, yau da shi gobe babu. Ya ce rago naka ne, kai ka saye, haka za a gaya wa kowa. Ga wannan kuma, ka sa gobe."

Ta miƙo mini ƙunshi. Rigarsa ce ta salla, shuɗiya, wadda aka buga ta sha shuni.

Na so in ce, Gwaggo, aikina yana nan, kuɗin ma ga su a ƙuguna. Sai dai na karɓi ƙunshin da hannu biyu. In na faɗa, na ce ke nan dattijo ya kashe kuɗin jakinsa a kan wasan da na yi wa kamasho.

Aka bar ni na gaida maijego daga bakin ƙofa. Tana zaune a kan tabarma, ta san akwatina ciki da waje. Gwaggo ta riga ta ba ta labari.

"Da waccan rigar ka tafi?" ta tambaya.

"Da ita."

"Sau nawa na ce a ba ni ita in yi tsumman goge tukunya?"

Ta dubi jakar da ke rataye a kafaɗata.

"Shaddar ce a ciki?"

"Ita ce."

"To ta zauna inda take. Baba ya gaya wa ƙannensa kana cikin matsi, sun tausaya, har ɗayansu ya kawo gero. In ka fito gobe kana ƙyalli, shi za a yi wa dariya, ba kai ba."

Haka aka yi. Da safe na sa rigar surukina. Shi gajere ne, ni dogo, rigar ta tsaya mini a gwiwa, kuma babu wanda bai san mai ita ba a ƙauyen. Na zauna a can baya cikin abokaina. Aka raɗa suna, aka yanka farin ragon, aka raba goron da na saya da rahusa. Dattawa suna wucewa suna dafa kafaɗata, suna cewa Allah ya kawo buɗi. Ina amsawa da amin, lalita tana matse mini ƙugu. Sau ɗaya na ɗaga kai na hango surukina cikin manya. Fuskarsa a sake take, irin ta mutumin da ya rufa wa nasa asiri. Na mai da kaina ƙasa.

Saura maganar jaki. Ba zan iya kai masa kuɗi ba, ba zan kuma iya ba shi kyauta ba, tun da a saninsa ni matalauci ne. Duk ranin nan ina jin labarin ƙannen matata na ɗauko ruwa a ka daga rijiya mai nisa. Na jira har watanni suka shuɗe, yadda za a iya cewa abubuwa sun gyaru. Sannan na sa shaddata na koma Illela. Dillalai suka taso mini kamar sun ga ɗan sarki. Na zaɓi jakin da ya fi kowane ƙarfi, na biya kuɗin da na san ya wuce kima, ban ja da yawa ba.

Na kai shi ƙauyen na kira Gwaggo. Na ce ta roƙa mini Baba ya taimake ni da ajiya, don ba ni da wurin ɗaure jaki a Malbaza, ba ni da mai yi masa ciyawa.

Ta shiga, ta daɗe, ta fito.

"Ya ce to, zai riƙe maka. Ya ce kuma rigar, in ka gama da ita, babu gaggawa."

Jakin ya tsufa a turkensa, ana ce masa jakin ajiya. Ban taɓa zuwa karɓarsa ba, shi ma bai taɓa aikowa ya ce in zo ba. Ko ya gane daga baya, ban sani ba, don har ya rasu gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Ƙa'idodina uku na farko har yanzu ina koya wa ƴaƴana su, a jere. Taguwar kuwa matata ta yayyaga ta a ranar da ta dawo daga wankan jego, ban kuwa hana ta ba.