Kaka Ta Daina Shan Ruwa

Jiya maƙwabciyata a Sabon Tasha ta dafa citta, ƙamshin ya shigo ɗakina, sai da na zauna a ƙasa. Ku yi haƙuri idan labarin ya fito a karkace.

A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, kakata ta wajen uwa ce likitar ciki. Idan yaro ya kwana biyu bai zagaya ba, cikinsa ya yi tauri kamar ƙwarya, ba ta neman ƙwaya. Da safe ruwan ɗumi da citta, da rana gwaten acca mai yawan yakuwa, sai gwanda idan lokacinta ne. Amma kafin nan takan zaunar da shi a gindin mangwaro, tana shafa masa ciki da man ja, tana tambayarsa wa ya tsorata shi. Ni ta taɓa gano cewa bulalar malamin lissafi ce ta ɗaure ni. Ta yi ta kwaikwayon tafiyarsa har na yi dariya da hawaye, kafin yamma na ruga bayan gida. A ganinta tsoro ke fara ɗaure ciki, abinci daga baya yake.

Daminar da na gama sakandare 'yan bindiga suka shigo muna gona. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Mu da muka tsira aka tara mu a wata makarantar firamare, abinci shinkafa da burodi, babu ganye ko ɗaya. Masai ɗaya ne na mata, layinsa kuma ta gaban ajin maza yake bi. A cikin mazan akwai babana. A wajenmu tsohuwa ko abinci ba ta ci a gaban mijin 'yarta, balle ya gan ta riƙe da buta. Daji kuwa babu mai shiga.

Sai kaka ta daina shan ruwa, don kada ta buƙaci fita. Burodi kawai take gutsura. Ban lura ba sai da zani ya ƙi ɗauruwa a cikinta. Na roƙo yakuwa a wani gida, na kawo mata ruwan ɗumi, na tuna mata ita ta koya mana.

"Ajiye, 'yar boko," ta ce. "Idan na sha, ina zan kai shi?"

Mama ma kunya ta hana ta gaya wa baba, sai da kaka ta fara amai. Ya goya ta har bakin titi, tana rufe fuska da gefen zani. A asibiti suka ce hanji ya toshe, mun makara.

A bakin kabari baba bai yi kuka ba. Cewa kawai ya yi, "Da kun faɗa mini, ai da na kwashe tabarmata na koma waje."

Yanzu ina gidan haya tare da ƙanwar mama. Idan mashin ya yi ƙara a layi, nan take cikina yake ƙullewa. Ina dafa ganye, ina zuwa gwajin waƙa a coci ko zuciyata za ta kwanta. Bayan gidanmu yana ƙarshen tsakar gida, inda maza ke zama suna hira. Kullum da safe nakan shanye kofina na ruwan ɗumi, in ɗauki buta, in sunkuyar da kai. Kunya tana cina, amma ina wucewa ta gabansu.