Kabewa Talatin da Fentin da Na Sayo

Har gobe ban manta da ranar da kabewa ta kusa raba ni da aikina a Doha ba. Ku sababbin zuwa, ku saurara.

Lokacin ina direba kuma ɗan aike a wani kamfanin kwalliyar wuraren biki a unguwar Mushairib. Ina cikin wata ukun gwaji, wato lokacin da ake duba ma'aikaci kafin a tabbatar masa da kwantiragi. Saura mini mako ɗaya. Kullum a ɗarare nake, ko waya ta yi ƙara sai in zabura.

Ƙarshen Oktoba wani gidan abinci a Corniche, titin bakin teku, ya ba mu aikin kabewa talatin, a shafe su fari da ruwan zinare, don liyafar Turawa ranar Alhamis. Ranar Laraba shugabar sashenmu, da muke kira Madam, ta ba ni takarda ta ce, "Fentin akirilik za ka sayo. Yalla, maza!"

A shago na tambayi mai sayarwa ko wannan fentin yana wankuwa. Ya ce idan ya bushe, khalas, ba ya fita. Nan fa zuciyata ta ƙi. Kabewa talatin! Miyar taushe nawa ke nan? Mu takwas ne a ɗakinmu na unguwar Madinat Khalifa, rabonmu da taushe tun gida. Sai na yi wa kaina wayo, na sayo fentin ruwa na yara, wai bayan biki in wanke mu dafa. Masu shafawa suka yi aikinsu a suto mai sanyi, komai ya fito fes.

Alhamis da la'asar na sauke su a Corniche, aka jera kan fararen tebura a waje. Kun san iskar bakin teku da laima. Kabewar ta fito daga sanyi, ta soma gumi, fenti ya dinga tsiyaya yana ɓata kyallen tebur. Saura awa biyu baƙi su iso.

Madam ta iso, ta shafa da yatsa, ta dube ni. "Me na rubuta maka?"

"Akirilik, Madam."

"To me ya sa?"

Na ce, "A garinmu wannan abinci ne. Na kasa ganin a zubar."

Agogo kawai ta nuna mini. Na figi mota zuwa sayo akirilik, danja duk ta zama ja a ranar. Kafin in dawo abokan aiki sun wanke kabewar, sun goge, sun bar ta ta sha iska har ta daina gumi. Muka shafa akirilik siriri sau biyu, ya bushe ana kiran magariba.

Aka ƙara mini wata guda na gwaji. Washegari kuma ni aka sa in kwashe kabewar zuwa shara, ina ɗauka raina yana suya. Na ƙirga, ashirin da takwas. Na koma ofis in ba da rahoton biyu sun ɓace, sai na gan su kan teburin Madam, ko ɗigon fenti babu, ashe ta ware su tun da aka wanke.

Ta tura mini su ta ce, "Da ka tambaya tun Laraba, da biyar zan ba ka."

Tun ranar, abin da aka rubuta shi nake sayowa. Abin da ke raina kuma, da baki nake faɗa tun kafin in tada mota.